Saitin Kowa da Kowa

Ku yi mini afuwa. Ni dai mai karatu ce, ban taɓa rubuta labari ba, sau uku ina yaga wannan shafin. In kun ga kuskure, ku kau da kai.

Shekara ashirin da shida Goggo ta yi tana shigar da takardu a ofishin ajiyar bayanai, kuma shekara biyu ke nan hannunta na dama yana rawa. Ba wanda ya sani. Tsohuwar kwamfutarta ce ke rufa mata asiri, don wani mai gyara ya taɓa sassauta mata linzami, wato abin dannawar nan na hannu: ko ta yi jinkiri tsakanin dannawa ta farko da ta biyu, fayil zai buɗe.

Sai ga sababbin kwamfutoci guda talatin an sauke. Oga ya tara ma'aikata ya ce daga Litinin babu sauran kwamfutar wane ko wance. Kowa ya zauna inda ya samu, saiti iri ɗaya, kuma shi da kansa zai zagaya ya ga hannun kowa. Wanda aikin ya fi ƙarfinsa, hanyar gida a buɗe take.

Ranar Alhamis bayan azahar Goggo ta leƙa ɗakin da ake harhaɗa su. Kwalaye har bakin taga. Matar da kowa ke kira Injiniya tana zaune a ƙasa, ta tuɓe takalmi, wayoyi sun zagaye ta.

"Goggo, yau ke ce a kogonmu? Ko aikina kika zo ƙwacewa?"

"Wannan zaman gizo-gizon? Allah Ya raba ni."

"To zo ki sa mini albarka a wannan. Ita ce uwar, daga jikinta zan kwafa wa sauran."

Goggo ta zauna. Ta kai kibiyar allo kan fayil ta danna, ta sake dannawa. Shiru. Ta ƙara, sai fayil ɗin ya biyo kibiya ya koma gefe. A karo na uku ta janye hannun ta tura shi ƙarƙashin tebur.

Injiniya ba ta kalli hannun ba. Ta jawo kujera, ta ce, "Ni ma linzaman nan haushi suke ba ni. Gaggawa kamar masu bin mota."

Ta buɗe wani shafi cike da layuka. Ta ce rajista ke nan, inda kwamfuta ke ajiye halayenta. Akwai kuma wani fayil na mutumin da ba kowa ba, wanda ba ya taɓa zuwa aiki. Duk wanda ya shiga karo na farko, daga wannan fayil ake ɗebar masa saiti, kamar yadda tela ke ɗora tsohuwar riga ya yanka sabuwa.

Ta ɗauko fayil ɗin, ta nemo lambar da ke auna jiran dannawa ta biyu, ɗari biyar, ta mai da ita ɗari tara. Ta faɗaɗa wurin da dannawa ta biyu za ta iya sauka.

"'Yata, kar ki jawo wa kanki. Oga ya ce iri ɗaya."

"Iri ɗaya ya ce, Goggo. Bai ce wane iri ba."

Sannan ta mayar da fayil ɗin ta rufe shi a tsanake, tana cewa in aka manta shi a buɗe, duk talatin ɗin ba mai karɓar baƙo. Ta ƙirƙiri sabon suna na gwaji, ta shiga da shi, ta danna a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Fayil ya buɗe.

Ranar Litinin, teburin kusa da firinta ne ya rage wa Goggo. Ta shiga da sunanta. Ta ji ƙamshin turaren Oga a bayanta kafin ta ji muryarsa.

"To, uwar ofis, mu gani."

Ta danna. Yatsan ya yi rawarsa, ya ɗan dakata, ya sake sauka. Fayil ya buɗe. Ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku.

"Kun gani ko?" in ji Oga. "Tsohuwar zuma ke nan. Kai Dogo, zo ka koyi aiki."

"Ai Oga sababbin nan ba su da gardama," in ji Dogo daga can ƙarshe. "Ko kakata ma sai ta iya."

Aka yi dariya. Oga ya wuce teburin gaba.

Injiniya ta zo wucewa, ta rungumo kwalaye. Goggo ta kama gefen rigarta.

"'Yata, Allah Ya..."

"Goggo, waya kike take mini," ta ce da ƙarfi, ta yi gaba abinta.

Babu wata waya a ƙarƙashin ƙafar Goggo. Ta ƙarasa addu'ar a zuci, ta haɗa da iyayen Injiniya da 'ya'yanta. Da ta ji idonta ya fara cika, sai ta ɗauki kofinta kamar mai zuwa ɗibar ruwa, ta bi ta bayan kabad ɗin fayiloli ta sulale, kowa na kan allonsa.