Tulun Hajja Zakiyya

Kwana goma sha ɗaya muna tono a gefen ƙauyen Nag'ul Tawil, ko ƙusa ba mu samu ba. Aikin kamfaninmu ke nan: kafin katafila ta shiga fili, mu duba ƙasa, mu sa hannu cewa babu kayan tarihi a ciki. Ni ne rayyis, shugaban masu tono, kamar yadda ubana da kakana suka yi a garinmu Kuft, kuma ba na son a tashi aiki kwanduna babu komai.

Sabon titin da za a yi zai bi ta kan dabinai bakwai na Hajja Zakiyya. Marigayi mijinta ne ya dasa su, ɗaya ranar sunan kowane ɗa. In muka sa hannu ranar Alhamis, Asabar a sare su.

Kullum da hantsi sai ta kawo mana shayi, baƙi ƙirin.

"Rayyis Dahshur, yau ma babu?"

"Babu, Hajja."

"Kai dai sunan ka gada. Ubanka in ya taka ƙasa, har na cikinta sai sun yi tari."

Ranar Alhamis da safe Haggag, wanda ya fi kowa zafin hannu a cikinmu, ya ga ƙasa mai laushi a gindin dabino na uku, tsakanin ramukanmu biyu. Ya kai sara, muka ji ƙwas!

"Tulu! Rayyis, tulu! Na rantse da rawanina!"

Kafin na isa gari ya ɗauka. Mata na guɗa, wani ya kifa kwando yana kiɗa, mai gadinmu ya ɗaga sanda yana rawa da ƙafa ɗaya. Injiniya Midhat mai titi ya zauna kan bokiti ya dafe kai. Ni kaina, da furfurata, na tsinci kafaɗata tana motsi.

Dakta Narmin, masaniyar tukwanenmu, ta durƙusa ta ɗauki tsingaro. Su haka suke yi, sai sun ɗora a harshe su ji yadda yumɓun yake kamawa. Ta lasa. Ta yamutsa fuska. Ta sake lasa.

"Daular wa, ya Dakta?" in ji Haggag.

"Gishiri," ta ce. "Barkono. Ya Rayyis, wannan mish ne."

Mish dai tsohon cuku ne da kowace uwa a nan take ajiyewa a tulu. Sai a lokacin warin ya iso mu. Wayyo dariya! Haggag ya kwanta a ƙasa yana shure-shure, injiniya ya faɗo daga bokiti.

"Hajja, yaushe kika binne shi?" na tambaya, don na gane aikinta ne.

"Bayan sallar asuba," ta ce, ko kunya. "Ai tsoho ne. Ya girmi uwar wannan injiniyan."

Na leƙa ramin don in fito da sauran. Tsohuwar ta yi tono har ƙugu, kuma a bangon ramin na ga ƙasar ta canza launi, ta yi duhu. Na zaro cokalin gini na ƙwanƙwasa. Ƙasar banza ɗif take amsawa. Wannan kuwa ta amsa da ƙarfi. Na kankare a hankali, sai ga layi, sai ga wani a kansa.

"Ya Dakta," na ce, "tubali."

Kafin azahar mun bi katangar taku tara, mun fito da bakin rumbu da tsingaron da Dakta ta lasa ta rungume Hajja. Sufeton kayan tarihi ya zo ya hana sa hannu. Da la'asar injiniya yana tsaki yana cire turakunsa, zai kai titin bayan magudana. Aka koma rawa, har da sufeton.

Can na waiga na ga Hajja zaune a gindin dabino, tana tsince gutsattsarin tulun a mayafinta, hawaye na zuba. Na uwarta ne. Da shi aka kawo ta gidan miji, kuma mish ɗin ciki asalinsa na kakarta ne, shekara sittin ana ƙari a kai bai taɓa ƙarewa ba. Yanzu ya bi ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na fi kowa dariya.

Dakta Narmin ta karɓi mayafin. Kwana biyu tana liƙa tulun da irin gam ɗin da muke liƙa na shekara dubu uku.

Ranar Asabar ni na kai mata da kaina. Na tarar da mata a ƙofar gida, kowace da kofi a rufe. Duk amaryar da aka yi a ƙauyen, daga tulun nan aka ɗebar mata mish na fara nata. Ɗaya bayan ɗaya suka juye a cikin tulun.

Hajja ta sa yatsa ta ɗanɗana, ta ce, "Na Inna ne."