Minti Shida na Baba Maigadi

A kamfanin shirya fim ɗin babu mai kiransa da sunan yanka. Almakashi ake ce masa, domin shi ne mai tace fim, kuma ba ya jin kunyar yanke aikin kowa. Ɗan wasa zai yini yana kuka a gaban kyamara har muryarsa ta dushe, Almakashi ya zauna da kofin shayinsa ya mayar da kukan daƙiƙa huɗu. Ɗakinsa na can ƙarshen baranda, ba taga, sai fanka mai ƙara, da kwamfuta biyu, da wata tsohuwar na'urar kaset da ya hana a jefar.

A nan 'yar Baba Maigadi ta same shi, kwana tara da rasuwar mahaifinta.

Baba Maigadi kuwa, duk mai kallon fim ya san fuskarsa, ko da bai san ya sani ba. Shekara ashirin da bakwai yana fitowa, aikinsa kuma guda ɗaya ne: mota ta yi hon, ya taso da gudu daga kan benci, ya ja ƙofa, ya rusuna ya ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe." Ya buɗe wa attajirai, ya buɗe wa 'yan sanda, ya buɗe wa yaran da aka haifa a gabansa suka girma suka zama jarumai. In darakta ya tashi yi masa alheri, sai a ƙara masa da mari ɗaya don mutane su yi dariya. Da ya mutu, gidan rediyo ya ba shi jimla biyu, a cikin biyun ma sai da aka yi kuskuren shekarunsa.

"Kawu, ina wuni," in ji ta daga bakin ƙofa. "Ni ce babbar 'yar Baba. Umma ce ta aiko ni."

Almakashi ya kwashe tarkacen da ke kan kujera ya ba ta wuri. "Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Mutumin kirki, ko ƙuda bai taɓa ɓata wa rai ba."

"Amin, na gode. Kan maganar kashi na biyu na zo."

Ya san maganar, ai shi ya ƙirƙire ta.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wani darakta mai taurin kai ya rubuta wa Baba doguwar magana. A labarin, maigida ya kori tsohon maigadinsa, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa da makullai a hannu ya amayar masa da abin da ke cikinsa. Minti shida cur, a ɗauka ɗaya, Baba bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ranar mai riƙe makirufo bai zo ba, Almakashi aka sa ya riƙe sandar, saboda haka a cikin kunnensa aka yi komai. Har mai kwalliya, wadda ba abin da ke burge ta a duniya, sai da ta juya baya tana share ido.

Bayan mako biyu jarumin fim ɗin ya shigo ɗakin tacewa ya kalla. Da ya gama sai ya ce, "Wannan wurin ya yi tsawo." Tsawon me? Abin da ya gani shi ne, minti shida yana tsaye a cikin hoto da tsadaddiyar rigarsa amma ba mai kallonsa. Jarumin kuma ƙanin mai kamfani ne. Almakashi bai yi musu ba, kafin shayinsa ya huce ya cire wurin gaba ɗaya.

Ranar da aka fara nuna fim ɗin, Baba ya kwashi matarsa da 'ya'yansa zuwa silima, ya zaunar da su a layin gaba. Suka ga ya buɗe ƙofa sau uku, aka kunna fitila, kowa ya watse. Washegari ya zo ya tsaya a bakin ɗakin nan, hula a hannu. Da Almakashi ya ga idon tsohon sai gaskiya ta yi masa nauyi, ya ce, "Haba Baba, ai ajiye maka aka yi a kashi na biyu." Ba wanda ya taɓa ko mafarkin kashi na biyu. Tun daga nan, duk haɗuwarsu sai Baba ya ce, "Ɗana, yaya kashi na biyu?" shi kuma ya ce, "Yana tafe, Baba." Abin ya zama kamar gaisuwa, har Almakashi ya lallashi kansa da cewa tsohon ya daɗe da ganewa, tsokana ce kawai ta rage.

"Ba fim ɗin muke nema ba, Kawu," in ji 'yar. "Wurinsa kaɗai, ko a waya ne a tura min. Wata biyu ya yi yana haddace shi a tsakar gida, ya riƙe makullin ɗaki yana ta faɗa da iska, mu kuma me za mu yi in ba dariya ba. Umma takan ce, 'Malam, ka dai tsaya a buɗe ƙofa, shi ka iya.' Ko sau ɗaya ba mu bar shi ya kai ƙarshe ba. Yanzu abin ya tsaya wa Umma a rai, abinci ma sai an yi da gaske." Ta gyara jakar da ke cinyarta. "A asibiti ma sai da ya ce in an saki fim ɗin kada mu yi ƙwauro, mu je mu gani a babban allo."

Ashe bai gane ba. Ashe shekara goma sha ɗaya jira yake yi da gaske. Almakashi ya miƙe ba tare da ya kalle ta ba, ya ce ta ɗan jira shi.

Ɗakin ajiya na bayan ofis ne, kwalaye har rufi, ɓeraye sun yi gari a ciki. Ya fi awa yana sauke kwali yana atishawa kafin ya ci karo da kaset ɗin. Rubutun hannunsa ne a jiki: "Maigadi, korar aiki." An ja layi a kai, a ƙasa an rubuta "Tallan sabulu." Shi ma rubutunsa ne. Ya tuna shekarar da kaset ya yi wuya, ana ɗaukar sabon aiki a kan tsoho, shi ne kuma mai zaɓen wanda ba a buƙata.

Ya tsaya da kaset ɗin a hannu. Ƙarya na nan a bakinsa a shirye: an duba ba a gani ba, a dawo wani mako. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya ɗauko ya dawo.

"Ban san abin da ya rage a ciki ba," ya ce mata, ya tura shi cikin na'ura.

Wata mata ta bayyana tana wanke farar riga tana murmushi. Aka sake ɗauka, ta sake wankewa. Sama da sau goma ta wanke rigar nan, kumfa har gwiwar hannu. Almakashi yana ta turawa gaba. Can kusa da ƙarshe hoton ya yage, ya yi rawa, sai ga Baba.

Yana tsaye a bakin ƙofa, makullai a hannu, fuskarsa sharkaf, ƙirjinsa na sama da ƙasa. Ya riga ya gama maganar. Aka ji darakta ya ce, "Shi ke nan, a yanke!" amma mai kyamara bai kashe ba. Mutane suka fara giftawa da fitilu. Baba ya cire hula ya goge fuska, ya duba dama ya duba hagu, kamar ɗalibin da ya miƙa allo.

"Ya yi kuwa?" in ji shi.

Kowa ya ci gaba da kwashe kayansa.

"Yara, na ce ya yi?"

Sai wata murya, kusa da makirufo, ta fi ta kowa ƙarfi: "Baba, ɗan matsa mana, ka taka waya."

"Af, yi haƙuri, ɗana." Ya yi tsalle gefe, hoton ya ɗauke.

'Yar ta juyo a hankali.

"Kawu, muryarka ce."

"Tawa ce."

"To kai ka ji shi har ƙarshe. Ya yi?"

"Shekara talatin ina aikin nan, ban ga kamarsa ba," in ji Almakashi. "Kyan da ya yi ne ya sa aka cire. Ni na cire, ni na ɗora sabulu a kai."

"Ka taɓa faɗa masa ya yi?"

Ya girgiza kai.

Ta share ido da gefen mayafinta, ta zaro waya ta ajiye a kan tebur. "Tura min wannan ɗin. Umma za ta so ta ga fuskarsa."

Ya jona wayar, ya jawo ɗan guntun hoton, daƙiƙa arba'in da ɗaya. Ya daɗe yana kallon wurin da muryarsa take.

"In cire maganar taka wayar?" ya tambaya ƙasa-ƙasa. "Kada ta ƙara wa Umma ciwo."

"A'a, Kawu," in ji ta. "Bar shi yadda yake. Abin da aka cire masa ya isa haka."