Ƙofar da Kawu Daudu Ya Bari

Ran Kellu ya ɓaci tun kafin ta gama karanta sakamakon. Ƙaramin kamfaninsu na Kazaure yana zana cif, 'yar ƙwayar kwamfutar da ake maƙala wa saniya a kunne, mai ɗauke da sunan mai ita, yadda ɓarawo ba zai iya sayar da ita a kasuwa ba. Kellu ce ta zagaye rugagen Roni da Gwiwa, dangin mahaifiyarta, ta rantse musu cewa babu mai iya goge sunan nan.

Kafin a aika zane masana'anta, manhajar ƙirƙirarriyar basira ke bin sa lungu-lungu tana neman kafar da ɓarawo zai bi. Manhajar ta ce lafiya lau. Sai dai sashe guda ba a ma ba ta shi ba, kuma tun zubin farko na cif ɗin haka ake yi.

"Muhsin, ina sashen Kawu Daudu?" ta tambayi abokin aikinta.

"Ni na cire shi," in ji Muhsin, ko a jikinsa. "Haba Kellu! Mutumin da ya koya mana aiki, sai mu sa na'ura ta duba shi kamar ɗan firamare? Ai da kunya."

Kunya! Kellu ta ji kamar ta kwaɗa masa madannin kwamfutar. Ta zuba wa manhajar sashen da kanta. Ba a jima ba ta fito da shi ɓaro-ɓaro: akwai ɓoyayyiyar ƙofa, duk wanda ya san lambar sirri zai sauya sunan mai saniya.

Ta sami Kawu Daudu, babban injiniyansu, a ofis. Ta durƙusa ta gaishe shi, domin fushi bai hana tarbiyya ba.

"Kawu, an sami ƙofa a sashenku."

"Ni na bar ta, 'yata," ya ce a natse. "Idan mutum ya rasu aka raba gado, wa zai sauya wa marayu suna? Su yi ta jeka-ka-dawo? Lambar kuwa ni kaɗai na san ta."

"Allah ya ƙara girma, manhajar ta karanto min ita yanzu. Abin da ta gano, ta ɓarawo ma za ta gano."

Kawu ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"To, a gyara a zubi na biyu. Na farkon kuwa a rufa asiri. Idan makiyaya suka ji, sunanmu ya ɓaci har Babura."

Nan ne Kellu ta miƙe, abin da ba ta taɓa yi ba yana magana. Zubin farko yana kunnen shanu tun damina. Mutanen da a da suke gadin garke da sanda sun saki jiki, saboda 'yarsu ta ce su saki.

"Kawu, ku gafarce ni. Ku an kare ku daga jin kunya, su wa ya kare su?"

Ta ɗauki filayar cire cif a kunnen shanu daga kan teburinsa, ta fita ta tsayar da ɗan acaɓa.

A rugar farko ta Gwiwa, Ardo ya tarbe ta da fara'a, ya sa aka kawo mata nono. Ya nuna garkensa, kowace saniya da abinta a kunne.

"Albarkarki, 'yata," ya ce. "Tun da aka saka mana wannan, na sallami masu gadi."