Hoton Kyaftin a Shafin Farko

Shekara tara Mikail ya yi yana sa rigar ƙwallon 'yan unguwar Bulabulin ta Maiduguri, bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba. Kai, ba ma a cika sa shi a wasa ba, benci ne ya fi saninsa. Amma da tsufa ya zo, gwiwoyi suka ƙi, aka kafa Ƙungiyar Zumunta ta Tsofaffin 'Yan Ƙwallon Bulabulin, sai ga ranarsa ta zo. Aikin buga takardu ya yi a ofis har ya yi ritaya, shi kaɗai ya san kan kwamfuta, don haka aka damƙa masa mujallar ƙungiya. Shafi huɗu ce, tana fitowa duk bayan wata uku, sai wani ɗan shafin intanet da ya haɗa da kansa. Tun daga nan ya hana kowa sakat. Edita yake kiran kansa, in ka ce masa Mikail kawai sai ya yi kamar bai ji ba.

Abin da ke cikin mujallar bai taka kara ya karya ba: wane ya aurar da 'ya, wane ya sauke farali, wane ya riga mu gidan gaskiya, sai tsofaffin hotuna na lokacin da kowa ke da suma. Mutum sittin ke karanta ta, wasu a Maiduguri, wasu a Abuja, har da Obadiah, tsohon golansu, wanda ya koma Jos da zama.

Ƙungiyar tana da wata al'ada da ba a rubuta ta a ko'ina ba. In wahala ta sami ɗan'uwa, sai a haɗa abin da ya samu, mutum ɗaya ya kai. Zai ajiye a zaure, su gaisa, su yi hirar ƙwallo, ya tashi ya tafi kamar ya manta da kayan. Ba a godiya, ba a ambatar zancen a taro.

To, ambaliyar da ta shafe rabin gari ta cinye shagon atamfar Ajimi kaf. Ajimi shi ne kyaftin ɗinsu a da, kuma shi ne yakan matsa a sa Mikail ko na minti goma ne in an kusa tashi, don kada ya koma gida da riga fes a yi masa dariya. Ajimi bai gaya wa kowa halin da yake ciki ba. Kullum ka gan shi cikin babbar riga a goge, hula a karye, in ka yi masa jaje ya ce, "Alhamdu lillahi, mu ai ruwan ya zo mana da sauƙi." Sai da matarsa Falmata ta ɗan tsegunta wa matar shugaban ƙungiya, sannan aka san tukunyar gidan ba kullum take hawa murhu ba.

Aka sayi buhun shinkafa da galan ɗin mai, aka ce Mikail ya kai.

Nan shaiɗan ya shigo. Mikail ya daɗe yana ganin yadda manyan ƙungiyoyi ke cika shafukansu da hotunan rabon tallafi, ga buhu, ga mai bayarwa yana washe baki, abin yana burge shi. Mutanen Abuja kuma sun sha yi masa tsiya cewa shafinsa daga biki sai mutuwa. Da ya isa da hantsi, ya tarar da Ajimi daga shi sai singileti da tsohon wando, yana kankare busasshen taɓo daga bangon zaure. Direban Keke Napep ya sauke buhu. Mikail ya miƙa masa waya, ya rungumo kafaɗar Ajimi ya ce, "Kyaftin, mu ɗauki ɗaya na tarihi." Ajimi ya yi murmushi, a zatonsa hoton abokai ne. Bai lura yadda Mikail ya ja shi gefen buhun ba.

Bayan kwana huɗu mujalla ta fito. Hoton ya cinye rabin shafin farko, a ƙarƙashinsa da manyan baƙaƙe: Ƙungiya ta share hawayen tsohon kyaftin. Ya ɗora a intanet, ya tura a guruf ɗin 'yan ƙungiya na waya. Wunin ranar Mikail bai ajiye waya ba, yana duba mutum nawa suka gani. Da suka haura ɗari uku sai da ya gaya wa matarsa sau biyu.

Ran Laraba Obadiah ya kira daga Jos. Bai ce Edita ba.

"Mikail, kai ka sa hoton nan?"

"Ni ne, Gola. Ka ga yadda ya karɓu?"

"Na gani. Surukan 'yarsa ma a Kano sun gani. Yarinyar nan ya ce mata komai lafiya, sai ga ubanta cikin singileti a wayar ƙanin mijinta. Kwana uku ke nan bai leƙa majalisa ba. Ka manta wanda ya biya wa uwata kuɗin asibiti bai bari ko matarsa ta sani ba?"

Kunya ta lulluɓe Mikail tun daga kai har ƙafa, irin wadda mutum yake jin da ma ƙasa ta tsage.

Nan take ya goge hoton daga shafin, duk da ya san ya riga ya shiga wayoyin da ba zai taɓa gani ba. Sannan ya hau keke ya shiga bin gidaje yana karɓo mujallar, daga Bulabulin zuwa Ajilari har Galtimari. Babu wanda ya zage shi, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Mutum zai shiga ciki ya ɗauko, ya miƙa masa yana kallon wani wajen. Guda ɗaya a bangon shagon aski ya same ta an manna, inda duk mai jiran layi sai ya kalla. Cikin sittin, arba'in da ɗaya ya samu.

Washegari ya tattara ɗan sauran ƙarfin halinsa ya nufi gidan Ajimi. Sau biyu yana wuce ƙofar kafin ya yi sallama.

"Lale, lale, Edita. Wushe, sannu da zuwa. Shigo mana."

Ajimi na zaune a zaure cikin shadda fara ƙal, da hularsa ta zuwa ɗaurin aure, yana ƙamshin turare. Buhun na nan inda aka ajiye shi, ko zaren bakinsa ba a taɓa ba. Galan ɗin mai na kai.

Mikail ya durƙusa. "Ya Ajimi, na yi kuskure. Na goge, na karɓo..."

"Tashi, tashi. Ka zo da wayar?"

"Tana nan."

"Madalla. Da ma yau zan aiko a kira ka." Ya leƙa waje ya ɗaga hannu, wani mai Keke da ke jira a inuwa ya matso. "Za ka mayar wa ƙungiya kayanta, ka ce na gode. Amma sai ka ɗauke ni ina mayarwa."

"Ya Ajimi, don Allah, don Annabi. Ka zage ni, ka mare ni, ka sa a ƙwace mujallar. Amma ka bar abincin nan. Akwai jikoki a gidan nan."

"Jikokina ne. Ni zan ji da su."

Daga bayan labule Falmata ta ce a hankali, "Malam..." Bai waiwaya ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Ajimi ya ƙi yarda a taya shi. Shi kaɗai ya ja buhun har bakin Keke, yana haki, ya gyara hularsa, ya ɗora hannu a kan buhun, ya miƙe tsaye sosai.

"A shafin farko za ka sa. Girman wancan."

Mikail ya ɗaga waya. Idonsa ya cika, da ƙyar yake ganin mutumin da ke gabansa. Ya danna, ya miƙa masa.

Ajimi ya duba hoton ya daɗe, sannan ya mayar masa da wayar.

"Bai fito ba," ya ce. "Sake."