Kabad Ɗin Ofishinmu

A ofishinmu na kula da gidajen haya, babu ma'aikacin da ya kai kabad aiki. Dogo ne, baƙi, mai ƙofa biyu da madubi, ana ce masa Rufin Asiri. Duk gidan da bangonsa ya tsage ko ya jiƙe, ranar da masu neman haya za su zo sai a ɗora shi a bayan mota, a je a jingina shi daidai kan aibin. In sun kama gidan, a zo a ɗauke shi, a ce ai dama na tsohon ɗan haya ne.

Ni kuwa, da digirina na kula da gidaje da filaye, aikina in bi shi da tsumma.

"Malama Digiri," in ji Manaja, yana sakace da kan mukulli, "a jami'ar taku an koya muku goge madubi, ko sai mun tura ki ƙaro karatu?"

Sauran ma'aikata su fashe da dariya, irin ta mutanen da abincinsu ke hannun mai barkwancin. Nakan shanye. Ina zaman gwaji ne, kuma na rantse ba zan koma gida in zauna ba, ko don Goggo, yayar babana, wadda duk haɗuwarmu sai ta ce, "Duk bokon nan, ƙarshenta dillaliya? Ai da kin faɗa mini, da na koya miki a tsakar gida."

Wata safiya aka kai Rufin Asiri ɗakin kwana na wani gida a ƙasan bene. Bangon ya sha ruwa har ya yi baƙi, fenti na ɓarewa kamar ɓawon ƙwai. Manaja ya sa aka buɗe tagogi, aka fesa turare.

"Ke za ki zagaya da masu neman hayar," ya ce mini. "In sun kama, na tabbatar da ke, benen nan duka ya dawo hannunki. In sun kuɓuce, kin san hanyar gidanku."

Ƙofa na buɗewa, sai ga Goggo, da ɗanta da ke shirin aure a bayanta.

"Au, ke ce a nan? To dillaliya, nuna mana hajar."

Na nuna musu falo, na nuna kicin, na murɗa famfo ya kawo ruwa. A ɗakin kwana Goggo ta shafa kabad ɗin, idonta ya tsaya a kai.

"Wannan za a bar wa amarya?"

"Sai mu duba, Hajiya," in ji Manaja, yana washe baki.

A lokacin na hango kaina a madubin da na goge: tsaf da ni, takalmi mai tsini, ga tsumma ya leƙo daga jakata. Ba tausayin Goggo ne ya kama ni ba, Allah ya sani. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne a ce katako ne ya sama mini aiki. Na cire takalmi, na sa kafaɗa, na tura. Rufin Asiri ya yi ƙara ya matsa, wari ya bugo mu.

Kuna tsammanin an gode mini? Goggo ta toshe hanci da mayafi.

"Ashe ba dillanci kaɗai kike ba, har da cuta! Zo mu tafi, ɗan nan."

Kafin in isa gida dangi sun gama ji.

Manaja bai kore ni ba. Ya ce kora gata ce.

"Tunda ke ce mai gaskiyar, samo mana wanda zai zauna da bangon. Ba mota, ba kabad. Gwajinki ba zai ƙare ba sai gidan ya shiga."

Na hau sama, na bi sawun ruwan har banɗakin masu hayar sama, inda bututu ke tsiyaya a cikin bango. Na yi ta sintiri gidan mai benen har maigadinsa ya daina amsa sallamata, matar mai benen kuma ta fara tambayar ko wani abu ne tsakanina da mijinta. Da mai benen ya gaji da ganina, ya turo mai gyara. Aka kankare bangon, na zauna jiransa ya bushe, takalmina ya cinye a hanya, a ofis kuma sunana ya koma Injiniyar Banɗaki.

Duk wanda ya zo, ɗakin nan nake fara kai shi, in faɗa masa abin da ya faru. Da yawa ba su ko tsaya ganin kicin ba. Sai wata ma'aikaciyar jinya, wadda ta ɗora tafin hannunta a bangon, ta daɗe, sannan ta ce, "Yaushe zan tare?"

Manaja ya wurgo mini mukullan benen a kan tebur, bai ko ɗago kai ba. Goggo har yau dillaliya take ce mini.

Rufin Asiri na nan yana aikinsa. Ɗazu ma na ga an wuce da shi a bayan mota, madubinsa ya yi futu-futu da ƙura. Da alama ba su samu wata mai digirin ba tukuna.