Sunan da Zulaiha Ba Ta Iya Bugawa

Shagon Uwaisu yana bakin titin da ya fita daga Gwarzo ya nufi Kabo, tsakanin mai gyaran babur da mai sayar da taki. A gaba ana buga takardu da hoton fasfo, can ƙurya kuma ake haɗa wa makarantu shafin intanet. Nan Zulaiha take zama, kusa da taga. Uwaisu taubashinta ne, ɗan ƙanwar babanta, shi ya koya mata aikin, kuma bakinsa ba ya hutawa a kanta.

A satin nan aikin wata Islamiyya ta Garo suke yi, za a yi walimar sauka. Shugaban makarantar kuwa Malam Ƙasim ne, mahaifin mijinta. Tun da aka kai ta gidan, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Baba Malam take cewa. Ko yaro mai sunan ne ya shigo shago, sai ta ce, "Mai sunan Baba, me za a buga maka?"

Aikin nasu kashi biyu ne. Uwaisu ke rubuta fayil ɗin ado, wanda ake ce wa CSS: launi, girma, wa zai zauna sama wa zai zauna ƙasa, kowane ado da sunansa. Ita kuma tana gina shafin tana kiran adon da sunan. A tsakaninsu akwai wata 'yar manhaja da ke karanta fayil ɗin Uwaisu, ta kwashe sunayen ta zuba a wani fayil daban. Da zarar Zulaiha ta kira sunan da babu shi a ciki, sai jan layi ya fito ƙarƙashin rubutunta. Abin yana burge ta. Har da gangan takan ƙirƙiro suna don ta ga layin ya fito.

Da ta zo wurin hoton shugaban makaranta, kwamfuta ta miƙo mata sunan adon da kanta. Uwaisu, don rashin ta ido, ya sa masa sunan Malam ɗin ɗungurungum.

Hannunta ya tsaya a sama. Bugawa ma faɗa ce? Ba ta taɓa jin an yi wannan tambayar ba. Amma yatsun sun ƙi. Sai ta rubuta babaMalam. Jan layi ya fito. Ta waiga, Uwaisu yana can yana ɗaukar wani hoto. Ta buɗe fayil ɗin da manhajar ke rubutawa, ta kauda kai daga gargaɗin da ke samansa cewa kada a taɓa da hannu, ta goge sunan ta sa nata. Layin ya ɓace. Ta sauke ajiyar zuciya.

Washegari ta buɗe shafin a waya. Hotunan ƙananan malamai kowanne da koren gefe, tsaf. Hoton Baba Malam kuwa ya ƙanƙance, ya gangara can ƙasa, ƙarƙashin 'yan ajin sauka, ba launi ba komai. Ga shi an ce bayan Juma'a zai biyo shagon ya gani da idonsa. Idan ya ga surukarsa ta ajiye shi ƙasan yara fa?

Ta koma kwamfuta. Abin mamaki, jan layin ya dawo, sunan da ta goge shi ma ya dawo ya zauna. Wa ya mayar? Ta sake gogewa, ta tayar da manhajar, ta zuba ido. A gabanta sunan ya sake tsirowa. Ashe fayil ɗin nan ba shi da ta cewa, abin da ya gani wurin Uwaisu shi yake maimaitawa. Jiya baki kawai ta toshe masa. Adon kansa bai san wani babaMalam ba.

Dole sai an canza daga tushe, tushen kuma na Uwaisu ne.

"Yaya Uwaisu," ta ce a hankali, "akwai wani suna a fayil ɗinka da nake so a canza."

"Wanne?"

"Na... na hoton sama."

Ya leƙo, ya ga jan layin, ya ga abin da ta rubuta. Ya kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Amaryar Garo! Kwamfutar ma kunyarta kike ji? Faɗi sunan sau ɗaya in canza miki."

"Wallahi ba zan faɗa ba."

"To ni ma ban gane wanne kike nufi ba."

Ta ja mayafinta ta rufe baki. Can ta ce, "Idan aka naɗa wani shugaban fa, da sunan Baba za a riƙa yi masa ado?"

Dariyar ta ɗan tsaya. Ya sosa ƙeya. "Kin dai samo mafita, 'yar wayo." Ya ja kujera ya mayar da sunan shugabanMakaranta, ya tayar da manhajar. Nan take jajayen layuka suka fito a 'yan shafukan da shi kansa ya fara ginawa da tsohon sunan, har da wanda ya manta da shi. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa, har da babaMalam ɗinta. Hoton ya hau sama, da koren gefensa.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci Malam ya iso. Zulaiha ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida, sannan ya zauna gaban kwamfutar. Ya daɗe yana kallon hoton.

"Madalla. Na baro gilashina a Garo. 'Yata, me aka rubuta a ƙasan nan?"

Uwaisu ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Zulaiha ta dubi sunan da Uwaisu ya buga a ƙasan hoton, ta dubi ƙasa.

"An rubuta... Baba Malam."

Malam ya shafa gemu yana murmushi. "Haka na zata. Allah Ya yi miki albarka."