Tabon Cingam

Walt Pruszynski yana sunkuye kan akwatin gilashin wani ɗan kasuwa daga Pittsburgh, yana aikin da ya saba duk Asabar a zauren cocin Youngstown, wato kallon tsofaffin katunan hotunan 'yan wasa da ba zai iya saye ba, sai idonsa ya faɗa kan Buck Tillery. Katin shekararsa ta farko a ƙwallon Amurka, 1958, a rufe cikin roba mai tauri, da hatimin masu tantancewa a sama.

"Juya min bayansa," in ji Walt.

"Dattijo ka iya zaɓe. Kallo kyauta ne, amma kada numfashinka ya taɓa shi."

Ɗan kasuwar ya juya katin. Ga tabon cingam nan a kusurwar hagu, ya koɗe, mai kama da kan kare. Walt ya fi shekara hamsin yana kallon karen nan. Ko fuskar matarsa bai yi wa wannan haddar ba.

Bara ne ya damƙa katin a hannun Gene Halloran don ya aika a tantance, tunda Gene ya fi shi sanin kan takardun. Gene da suka yi shekara ashirin tare a masana'antar ƙarfe, Gene da ya riƙe masa zobe ranar aure. Bayan wata biyu ya zo fuska a murtuke. "Jabu ne, Walt. Kuma ba sa mayar da jabu." Har giya ya saya masa ta jaje. Walt ya yi godiya, sau biyu ma. Tun ranar bai ƙara zuwa kabarin mahaifinsa, wanda ya bar masa katin, ba, don ya rasa yadda zai tsaya gaban mutumin da ya yi masa ƙarya tun yana goye.

"A ina ka same shi?"

"Ai labarin ya fi katin tsada," in ji ɗan kasuwar, yana gyara tsayuwa. "Wani ɗan garin nan ya sayar min. Ranar da aka haife shi, babansa ya sayi cingam a shagon asibiti don ya rage fargaba. Ya tauna cingam ɗin, katin da ke cikin ƙunshin kuma ya saka a Littafi Mai Tsarki. Da bawan Allahn nan yake ba ni labari, sai da ya share hawaye."

"A sashen Zabura," in ji Walt.

"Au, ka san shi?"

"Na taɓa jin labarin."

Labarin baban Walt ne. Baban Gene dai har ya mutu bai san ƙwallon Amurka na da tsini biyu ba.

Can bakin ƙofa Gene ya ɓullo da kofi biyu a hannu, kamar kowace Asabar, yana kutsawa tsakanin tebura. Bai lura da wanda ke bayan akwatin ba sai da ya iso.

"Ga naka, tsohon banza, sukari uku. Likitanka ya…"

Idon Gene ya faɗa kan ɗan kasuwar, sannan kan katin. Walt ya karɓi kofin, ya kurɓa. Sukari uku daidai, Gene bai taɓa kuskure ba.

"Mutumina, zo ka gaisa," in ji Walt, yana matsa wa Gene wuri a gaban gilashin. "Ba ni labarin babanka. An ce akwai wurin da ake kuka."